Fartanya Cikin Rani

Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a wajen Janbako, Rilwanu ya dawo Talata Mafara gidan ƙaninsa Nasidi, barci ya ƙaurace masa. Mutumin da a da yakan dawo daga gona, ya ci tuwo, ya ɓingire kan tabarma, yanzu wuni yake zaune yana tauna goro. A asibiti aka ce ya rage goro da shayi, ya riƙa motsa jiki, ya cire damuwa a ransa. Damuwar riga ce da zai tuɓe?

Wata safiya cikin rani, Nasidi ya tarar da shi bayan gida yana saran busasshiyar ƙasa da fartanya, ya yi sharkaf da gumi.

"Yaya, mi za ka shuka nan? Ko ɗigon ruwa babu."

"Ba shuka zan yi ba. Gajiya nika nema."

Bayan azahar barci ya kwashe shi a inuwar darbejiya. Nasidi ya zo wucewa, ya ji shi cikin barcin yana kiran sunayen shanun huɗarsa, waɗanda aka kora tun bara. Sai ya tuɓe takalmi ya wuce a hankali, kada ya tashe shi ya sake rasa su.