Zagayen Tambaya Kafin Ƙuri'a

...kuma daga dama ake farawa, kullum daga dama, ita ce ta ƙarshe. Ƙa'idar kwamitin ce, kwamitin ƙasa mai sa ido kan binciken lafiya: kafin a taɓa kowace magana, Shugaba zai bi teburin mutum-mutum. Akwai mai alaƙa da wannan bincike? Mai alaƙa ya tashi ya fita, ba shi da ƙuri'a. Da bakinta aka kafa ƙa'idar, ita likitar yara mai tsauri, har ta fi kowa zaƙewa a lokacin.

"Babu," in ji Lauya. Ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba.

Maganar ba ta da wuya. Sabon maganin sikila ake gwadawa a kan yara, masu binciken suka ɗebi jininsu suka aika ƙasar waje, ba su tambayi iyaye ba. Laifi ne. Da ɗalibinta ne ya yi, da ta wanke shi tas da faɗa. Rabin teburin na son a dakatar da gwajin yau, rabi na cewa a ja musu kunne su ci gaba — ta san inda kowa ya karkata, hannunta ne zai raba gardama.

In an dakatar, magani ya tsaya. Na kowa. Har na Ummi.

Ummi, 'yar ƙanwarta, takwarar mahaifiyarsu... Ƙafafu a cikin robar ruwan ɗumi, yarinya na gantsarewa tana cewa a cire mata ƙashin, a cire kawai. Bara ke nan. Yanzu tsallen igiya take yi a tsakar gida. "Yaya, yarinyar nan za ta cinye ni, wallahi tukunya ba ta kwana da komai!" Ƙanwar tana dariya, tana share ido da gefen mayafi. Ba ta yi shawara da kowa ba ta sa ta a gwajin. A kan firij Likita ta ga kwalbar, ba suna, lamba kawai.

"Babu," in ji Malam, yana gyara zama.

Wa ya sani a nan? Babu. Ba ubansu ɗaya da ƙanwar ba, suna bai haɗa su ba. Kuma ai wataƙila ma na bogi Ummi ke sha — rabin yaran, garin banza kawai ake ba su don a kwatanta, ba wanda aka gaya wa. To in gari ne, ina alaƙar? Kai, Likita. Ko Lauya ba zai yi wannan wayon ba.

Fankar sama na kaɗa gefen takardu. Shayin ya huce.

Da an tambayi ƙanwarta, cewa za ta yi su kwashe jinin duka in dai yarinya za ta yi barci. Amma sauran iyayen fa? Akwai wadda za ta ce a'a. Tana da ikon ta ce a'a, ba a ba ta dama ba, jinin ɗanta na can cikin sanyi a hannun mutanen da ba ta san da su ba...

"Babu." Mai harhaɗa magunguna ke nan, kujerarsa na gogar tata.

Tana tsoro, gaskiyar magana. Ba tsoron a gane ba.

To, a cire Ummi. A ce babu ita, babu kwalba, yaran wasu ne duka. Ina hannunta zai nufa — a dakatar, ko a ci gaba? Tana nema. Shekarunta nawa tana yanke irin wannan hukunci kafin a gama karanta mata bayani, amma yau... Tana sake nema. Ko'ina ta leƙa, yarinyar na nan tsaye.

Ba ta sani ba. Ba za ta ƙara sani ba.

"Likita?" in ji Shugaba. "Saura ke."

Jakarta na kan cinyarta. Yaushe ta ɗauko ta?