Taki a Kan Ƙuna

Mutum goma sha ɗaya suka rage a ƙauyen, kuma Casilda kaɗai ce ba ta kai sittin ba. Da ta dawo daga jami'a a Zaragoza, sai ta cika gonar sha'ir ta marigayi mahaifinta da dashen itatuwan karraska ɗari biyu, waɗanda aka shafa wa saiwoyinsu naman gwari tun suna ƙanana. Naman gwarin ya jawo wa itace ruwa, itacen ya ciyar da shi. In an jure, ya haifi trufa, baƙin curin nan mai ƙamshi da tsada da ake tonowa a ƙasa don girki.

Shekara shida tana ban ruwa ita kaɗai. Ba mai leƙo ta sai Baffa Eusebio, ƙanin mahaifinta, makiyayin tumaki, shi ma tsiya ke kawo shi.

"Malama mai digiri, yaushe za mu ci 'ya'yan sandunan nan naki?"

"Ranar da tumakinka suka iya karatu, Baffa."

A bazara ta bakwai ciyawa ta mutu a gindin itatuwa talatin, ta bar da'ira fayau kamar wuta ta ci. Ƙuna ake ce mata, shaidar naman gwarin ya kama. Casilda ta tsuguna ta shafa ƙasar, ta waiga ko da wanda za ta gaya wa. Babu kowa sai tsauni. Ta bar wa cikinta.

Ta yi kwana uku a birni neman bututun ruwa. Da ta dawo, wari ya tare ta tun daga hanya. Kowace ƙuna an binne ta da ɗanyen takin tumaki. Ga Eusebio riƙe da shebur, gumi sharkaf, yana washe baki.

"Na ga ƙasarki na mutuwa, 'yar nan, ke kuwa girman kai ba zai bar ki ki roƙa ba. Kwana biyu ina jido."

Taki mai ƙarfi haka yakan ƙosar da itace har ya saki naman gwarin. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga irin gajiyar da tsohon ya yi, ta miƙa hannu.

"Kawo shebur ɗin, Baffa. Je ka huta."

Hadari na haɗuwa ta yamma. In ruwa ya sauka, takin ya nutse cikin saiwoyi ke nan. Sai da tsohon ya sha kwanar coci ta fara kwashewa, itace bayan itace, tafukanta na ɗurar ruwa.

Tana gama na goma sha tara ruwa ya goce. Ta share fuska, ta matsa zuwa na ashirin.