Tankin Motar Yaya

Motar da Yaya ya ƙera da hannunsa ba ta yi nisa ba dutse ya huda mata tanki. Injinta na tsohon babur ne, ƙofofinta daga mataccen firij ya yanko su, tankin kuwa na janareta. Ya liƙe hujin da sabulu, mai ya ci gaba da ɗiga. Ya sa cingam, haka.

Ƙanensa mai walda ne, rumfarsa na jingine da katangar gidansu, amma Yaya ya gwammace ya mutu da ya roƙe shi. Tun ranar da ƙanen ya yi wa motar dariya a gaban mutane ba sa ga-maciji. In ya ce gabas, Yaya ya yi yamma. Ya taɓa cewa ƙofar firij ba za ta zauna ba, Yaya ya sa biyu.

Ran nan da la'asar Yaya ya aro injin walda a wani wuri, ya kwance tankin, ya dire shi daidai bakin rumfar don mai ido ya gani.

"Na juye man tas," ya faɗa wa iska. "Yau za a ga ko walda wahayi ce."

Warin fetur ya bugi hancin mai walda. Tankin da aka juye ya fi cikakke mugunta, don tururin da ya rage a ciki tartsatsi ɗaya yake jira. Maganinsa a cika shi da ruwa kafin wuta ta taɓa shi. Ga matar Yaya tana wanki kusa da su, ga Yaya ya tsuguna, fuskarsa a bakin tankin.

Ya buɗe baki zai ce a zuba ruwa, sai ya rufe. Ya san ɗan'uwansa. In gaskiya ta fito daga bakinsa, kafin ya kai aya Yaya ya ƙyasta wuta. To, ƙaryar da za ta tsare rai, wane suna za a ba ta? Bai da lokacin neman amsa.

"Yauwa, Yaya," ya ce, yana murmushin da ya san yana ƙona masa rai. "A bushe ake yi. Ko ɗigon ruwa kada ka bari ya shiga. Ashe dai kana satar kallon aikina."

Yaya ya ɗago. "Aikin wa? Kai da na sha share wa majina?"

"Ni dai na faɗa maka. Ban da ruwa."

Yaya ya juya wajen matarsa. "Ke, miƙo min bokitin nan!"

Ya ɗura ruwa har ya tumbatsa, yana yi yana harararsa. Ya juya hujin sama, ya kama aiki. Ɗinkin ya fito kamar kashin kaza, amma ya kama.

Yana cikin ɗaga tankin yana nuna wa masu wucewa, sai ga tsohon bakaniken layin ya tsaya.

"Kai, Allah Ya so ka da ka cika shi da ruwa," ya ce. "Da a bushe ka yi, da yanzu a kwando ake tattara ka."

Ya wuce abinsa. Matar Yaya ta saki rigar da take matsewa. Yaya ya ajiye tankin a hankali, ya juyo.

"Ka san haka?"

"Na sani."

"Ka sani, ka ce min a bushe." Muryarsa ta yi ƙasa. "Nono ɗaya muka sha, kai. Motar ce ta tsone maka ido har haka?"

Bayanin yana kan harshen mai walda, kuma gajere ne. Amma idonsa ya sauka ƙarƙashin motar, inda aka ɗaure bututun birki da robar taya, yana naso. In ya tona dabarar yau, gobe ba za ta ci ba. Ya haɗiye bayanin.

"Daga yau ba ni ba kai," in ji Yaya. "Ko gawata kada ka bi."

Mai walda ya ɗauki gilashinsa, ya goge shi da gefen riga.

"Na ji," ya ce. "Amma birkin nan naka lafiya lau yake, Yaya. Kada ka kuskura ka taɓa shi."