Kwaɗon da Ba Shi da Rami

Auta ta zazzage jakarta a kan kantar shagon makullai, kwaɗuna suka zubo, kowanne baki buɗe, babu wanda aka fasa ko aka yanka. Mai shagon, wanda a hannun babanta ya koyi yankan makulli, ya ɗauki ɗaya ya leƙa raminsa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Aikin maigida ne wannan. Ko ƙwarzane bai bari ba."

"Da guntuwar waya yake buɗewa," in ji ta. "Sunana ya ɓace masa. Jiya cokali ya ɗaga yana tambayata na mene ne. Amma hannun nan bai manta komai ba."

Tsufa ya kwashe wa Baba komai, ya bar masa rana guda. Kullum in lokacin tashi daga makaranta ya yi, sai ya nufi get ɗin gida, wai zai je ya ɗauko ɗansa. Yaron yayan Auta ne, ya rasu tun tana goye. A ranar Baba ya tsaya kokawa da wani kwaɗo mai taurin kai har ya makara, yaron ya gaji da jira, ya tsallaka titi shi kaɗai. Titin yana nan, ya ma ƙara faɗi. Makon jiya a tsakiyarsa wani direba ya riƙo Baba, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Mai shago ya shiga jero mata kaya. Ga na tagulla, ruwan sama ba ya sa shi tsatsa. Ga mai gajeren wuya, zarto ba ya samun wurin kamawa. Duk maganin ɓarawo ne, ita kuwa ba ɓarawo ya kawo ta ba.

"Wanne ne Baba ba zai iya buɗewa ba?"

Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya jawo wani daga ƙarƙashin kantar, baƙi, mai nauyi, da lambobi a gindinsa.

"Wannan ba shi da rami, waya ba ta da mashiga. A zamaninsa babu irinsa." Ya miƙa mata, amma bai saki ba. "Auta, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe wa mutane ƙofa fa."

"To in bar shi mota ta kwashe shi?"

Ya saki.

Da ta isa gida ta rataya shi a get, ta juya lambobin, ta koma gindin keken ɗinkinta a bakin taga. Ko zare ba ta iya sawa ba. Da rana ta take, hayaniyar yara ta taso daga bayan katanga, sai ga Baba ya fito da hularsa a karkace, yana sauri irin na wanda ya makara.

Ya zaro guntuwar wayarsa, ya kama kwaɗon, ya juya gindinsa. Ya shafa da babban yatsa, ya sake shafawa. Ya duba gefe, ya duba baya. Bai girgiza get ɗin ba, bai yi faɗa ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya gyaɗa kai.

"Kwaɗo mai kyau," in ji shi. "Wanda ya zaɓe shi ya san abin da yake yi."

Ta fito ta tsaya kusa da shi. Hayaniyar yaran tana ta raguwa. Ya dube ta da ladabin da ake yi wa baƙuwa.

"Baiwar Allah, ke da za ki iya fita, don Allah ki taimake ni. Akwai wani yaro a bakin makaranta, da jaka ja. Ki ce masa ina nan tafe. Ki ce kada ya tsallaka."

"Zan gaya masa, Baba."

Ya yi mata godiya, ya juya ya ci gaba da laluben ramin.