Turancin Zinaida

Zinaida Fyodorovna tana da shekara sittin da takwas ta koma ɗaliba. Shekara talatin da huɗu ta yi a wata masaƙa a garin Kineshma na ƙasar Rasha, har ƙarar injuna ta kashe mata kunnen hagu, ba ta taɓa zaton za ta nemi wani yare bayan Rashanci ba. Sai ga shi 'yarta tilo, Lida, ta yi aure a Leeds ta ƙasar Ingila, ta haifi Marta. Yarinyar ta taso ba ta jin ko zo in kashe ki da Rashanci. Duk Lahadi in suka kira a waya mai hoto, jikar takan ɗaga wa kakarta hannu ta arce.

Shi ya sa Zinaida ta hau bene na huɗu ta ƙwanƙwasa wa Rimma Lvovna, tsohuwar malamar Turanci da ta yi ritaya tun tuni, ta ce tana son ta koya mata.

"Da girmanki?" in ji Rimma, tana dubanta ta saman tabarau. "To, shigo. Amma ni ba na wasa da aikin gida, ko jikokinki goma."

Kowace Talata da Alhamis da hantsi sukan zauna a kicin, shayi yana hucewa a gabansu, taswirar Birtaniya tana manne a bango. Littafin Rimma ya tsufa har takardunsa sun yi ruwan ɗorawa. Duk inda aka rubuta sarauniya ta soke da fensir ta mayar da shi sarki. Daga cikinsa Zinaida ta haddace cewa Birtaniya tsibiri ce, kogin Severn ya fi kowane kogi nasu tsawo, majalisarsu biyu ce, ta zaɓaɓɓu da ta masu sarauta, sarki kuma yana sarauta amma ba ya mulki.

Ƙananan kalmomin nan da Turawa ke liƙa wa suna a gaba, waɗanda Rashanci bai san da zamansu ba, su suka fi ba ta wuya.

"Kin sake mantawa," in ji Rimma. "Kogin Thames sai da ita, birnin London kuma ba ya so."

"Me ya sa, Malama?"

"Haka suka ga dama. Rubuta."

Wata rana darasi ya kai kan yadda ake faɗin aikin da aka fara tun da, kuma har yanzu bai ƙare ba. Rimma ta ce ta kawo jimla tata ta kanta. Zinaida ta daɗe tana tauna gindin biro, sannan ta rubuta cewa shekara shida ke nan ba ta ga jikarta ba. Rimma ta karanta, ta sa mata maki da jan biro.

"Babu kuskure ko ɗaya," ta ce, ta tashi ta sake ɗora buta a wuta.

Ranar da Marta ta cika shekara takwas, Zinaida ta sa rigarta ta zuwa coci, ta jingina wayar da kwalbar sukari. Da fuskar yarinyar ta bayyana Zinaida ta gaishe ta da Turanci, ta taya ta murna. Marta ta zaro ido, ta matso kusa. Daɗi ya kama tsohuwa, sai dai gaisuwar ta ƙare, kuma abin da ya rage a kanta na littafi ne. Ta zuba shi. Ta faɗi tsibiri, ta faɗi koguna, ta bi ta kan majalisa biyu har ta dire a kan sarki.

Yarinyar ta yi wata magana da sauri, kalmomin a cure kamar zaren da ya harɗe. Zinaida ta juyo da kunnenta mai ji. Marta ta maimaita. Ko ɗaya ba ta kama ba.

"Mama, cewa take haƙorinta ya fita, ko kina so ki gani," in ji Lida daga gefe.

Kafin Zinaida ta harhaɗa amsa an kira Marta yanka kek, ta tafi. Lida ta yaba wa uwarta ƙoƙari, sannan ta sassauta murya ta ce zuwan bana ma ba zai yiwu ba, hanya ta yi wuya, sai dai a ga baɗi.

Ran Talata Zinaida ta hau benen ba littafi a hannunta.

"Rimma Lvovna, wata bakwai ina zuwa nan. Yarinya ta ce haƙorinta ya fita, ni ina ba ta labarin majalisa."

Rimma ta cire tabarau ta shiga goge shi da bakin rigarta.

"Shekara arba'in ina koyar da ƙasar nan, Zina, ban taɓa taka ta ba. Ban taɓa zama da Bature mun yi hira ba. Abin da aka koya mini na koya miki. Yadda yaransu ke magana, wallahi ban sani ba."

Faɗan da Zinaida ta hau da shi ya bi iska. Ta ja kujera ta zauna. A waje dusar ƙanƙara tana sauka a kan kogin Volga, mutane suna wucewa a dunƙule cikin manyan riguna.

Ba su daina haɗuwa ba, amma karatun ya ja baya. Rimma takan buɗe ƙamus su nemo kalmomin wasa da na makaranta, ba tare da ɗayansu ta tabbata haka ake faɗinsu ba. Zinaida takan gwada su ranar Lahadi. Wani lokaci Marta ta amsa da kalma ɗaya, wani lokaci ta waiga wurin uwarta ta tambayi me Kaka ke nufi. Da hunturu ya yi tsanani ƙafafun Zinaida suka kumbura, hawa bene huɗu ya gagare ta, darasin ya koma sau ɗaya a mako.