Allurar Mai Aski

"Karanta da kanka, Malam. Ban yi boko ba, amma na san talatin da bakwai ba zazzaɓi ba ne."

Tsohon mai askin ya zare ma'aunin zafi daga hammatarsa ya miƙa. Malamin sakandaren da ke haya a ɗakin da ke jikin nasu ya ɗaga shi wajen hasken taga. Talatin da bakwai ne cif. A ɗaya hannun yana riƙe da allurar da ya ɗauko daga firijinsa, domin tsohon ba shi da firiji, maganin kuwa ba ya jure zafi. Duk bayan mako biyu, ranar Laraba kafin ya tafi makaranta, shi ke yi masa ita a cinya, yadda aka koya masa a asibiti.

"Baba, idanunka sun yi ja. Tun jiya nake jin tarinka ta bango."

"Shekara arba'in ina shaƙar gashin mutane, yau za ka fara jin tarina?"

Malam bai yi dariya ba. Da kunnensa ya ji gargaɗin likita: allurar tana kwantar da ciwon gaɓoɓi ne ta hanyar rage wa jiki ƙarfin kare kansa, saboda haka in zazzaɓi ya shigo, a dakata, a kira ta. Ga shi wata muguwar mura ta bi layin gida-gida, har ta kwantar masa da rabin aji.

"Mu bari zuwa Asabar, Baba. Kwana uku ne."

"Kwana uku a bakinka." Tsohon ya shimfiɗa yatsunsa a kan gwiwa yana kallonsu. "Ka manta da aka yi jinkirinta bara? Ka ga yadda suka koma?"

Malam bai manta ba. Kafin a dace da wannan magani, shekara uku ciwon ya lanƙwashe waɗannan yatsu, shago ya zauna a rufe, Iya, matar tsohon, ita ke yi masa wanka, ita ke kai shi bayi. Ta wannan bangon ya sha jin babban mutum yana kuka a hankali don kada maƙwabta su ji.

"Ba zan koma ba, Malam. Ta ɗauke ni ya isa haka."

Iya tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, idonta a ƙasa.

Malam ya durƙusa, ya naɗe masa ƙafar wando, ya dafa cinyar don ya goge wurin. Zafin da ya bugi tafinsa kamar na murfin tukunya ne. Ya ɗan tsaya. Ya waiwayi ma'aunin da ke kan tebur, ya gaya wa kansa cewa sanyin allurar ne ya ruɗi hannunsa, kuma ƙarfe ba ya ƙarya. Sannan ya soka.

"Allah ya yi maka albarka. Ka biyo gobe in rage maka wannan dajin da ke kanka, ko ka samu mai aurenka."

Ranar Alhamis tsohon ya aske kai huɗu yana tari cikin hannun riga. Juma'a shagon bai buɗe ba. Asabar da hantsi Malam da wani direban tasi suka ɗauke shi cak, numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana yaga tsumma.

A asibiti likita ta tambayi yaushe aka yi allurar ƙarshe.

"Laraba."

"Akwai zazzaɓi a lokacin?"

"Ma'auni ya nuna talatin da bakwai."

Ta rubuta. Ta ce cutar ta sauka huhu, kuma jikin ba ya mayar da martani yadda ya kamata. Da Malam ya tambaya ko allurar ce ta jawo, sai ta rufe fayil ta ce babu mai iya rantsewa a kan hakan. Wannan mura tana kayar da tsofaffin da ba su taɓa ganin allurar ba. Ya so wannan magana ta wadatar da shi, ba ta wadatar ba.

Talata da safe tsohon ya cika.

Malam da Iya suna zaune a benci a barandar asibitin, suna jiran 'ya'yan tsohon su iso, wata ma'aikaciya ta kawo kayansa a ƙulle cikin leda ta ɗora wa Iya a cinya. Iya ta daɗe tana kallon ledar.

"Malam, zan gaya maka abu, ka yafe mini. Ran nan, kafin ka shigo, ni na ba shi maganin zazzaɓi, ƙwaya biyu. Ya ce in ba haka ba ba za ka yarda ba. Na hana shi, ya dube ni ya ce, 'Ke ba ki gaji da ɗaukata ba?' Mun yaudare ka, ɗana. Kai ba ka sani ba. Kada ka ɗora wa kanka."

Hanya ce ta buɗe masa, faffaɗa, ba abin da ya rage sai ya gyaɗa kai. Ya dubi tafinsa na dama.

"Na taɓa shi, Iya. Na ji zafin."

Ta juyo ta dube shi, kallo mai tsawo, babu zargi a ciki, babu kuma lallashi. Sannan ta ɗan matsa, har gefen mayafinta ya taɓa hannun rigarsa.

Ta fara ƙoƙarin kwance bakin ledar. An ɗaure shi tamau. Ta ja da farce, ta gwada da haƙori, ƙullin ya ƙi. Ta miƙa wa Malam, shi ma ya yi ta fama, yatsunsa suna zamewa. Daga ƙarshe ya ajiye ledar a tsakaninsu a kan bencin, suka zauna suna kallon mai goge baranda yana tahowa a hankali, yana tura bokitinsa da ƙafa.