Ƙyallen Majigin Baba Elijah

"Ina kanta?" in ji Baba Elijah. "Rabi'u, ina ka kai kan Innata?"

Kulu tana durƙushe bakin gado da kofin kunu a hannu. Ta ɗaga ido ta dubi bango. Hoton kogi ne, fari da baƙi, ya baje tun daga kusurwa har bakin ƙofa. Ga kwale-kwale jere, ga masunta suna jan taru, ga muryar wani mutum tana bayani da irin Hausar da. Can sama, kan gaɓa, ana ganin ƙafafun wata mace da zanenta. Daga ƙirji zuwa sama babu komai.

"Wallahi Baba, ban taɓa komai ba," in ji Rabi'u ƙanen Kulu, mai gidan kallon ƙwallo a bakin kasuwar Yelwa. Na'urar da yake haska wasa da ita ya ɗauko ya ɗora kan turmi, aka toshe taga da tabarma saboda hasken rana. "Yadda aka aiko shi haka na sa."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Kulu da na Baba. Tun tana yarinya take jin labarin wannan fim. An ɗauke shi a tsibirinsu lokacin Baba yana ɗan yaro, kafin ruwan Kainji ya taso ya shanye garin. Shekarar da aka tashe su mahaifiyarsa ta rasu, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Da ya girma ya yi aiki da motar majigi, suna bin ƙauyukan Ngaski da Shanga suna haska wa mutane fim a fili. Ranar da aka daina majigi aka ce a zubar da tsofaffin finafinai, sai ya roƙi wannan ɗaya. Fim ɗin ya zauna cikin gwangwaninsa ƙarƙashin gado, babu injin da zai juya shi, har jikarsa Esther ta kai wa wasu masu gyaran tsofaffin finafinai a Kaduna.

Esther tana tsaye jikin ƙofa tana murza yatsu.

"Kaka, sun tambaye ni," ta ce. "Suka ce a bar shi da baƙi gefe da gefe, ko a cika allo? Na ce su cika. Na ga kamar zai fi kyau."

"Matata, kin yi mani aski har da kunne," in ji tsohon. Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Hoton wancan zamani ba shi da faɗi. Gefe guda an bar ma murya hanya. In ka ce sai ya cika wanga bango, dole ka yanke sama da ƙasa."

Nan take Esther ta buga waya. Aka ce mata cikakken yana nan, za a sake turowa, amma mai aikin ya yi tafiya, sai ya dawo.

Kwanakin jiran nan Baba ya yi ta raguwa. Ya daina fitowa gindin darbejiya inda yake zama yana tsokanar masu acaɓa. Kulu kan bar kifinta kan banda ta zagayo da kunu, ya kurɓa sau ɗaya ya kawar da kai.

"Baba, ƙara kaɗan. Inna na bisa hanya, kar ta iske ka da yunwa."

"Ke dai kin iya wayau, Kulu mai banda. Hayaƙin kifinki ne ya ci mani ido."

Da wasa ya faɗa, amma Kulu ta lura. In ta shigo sai ta yi magana yake sanin ita ce. Ta koma gida ta zauna gaban murhu, kifin ya kusa ƙonewa ba ta juya ba. Tsoronta ɗaya, kada saƙon ya iso bayan idon ya rufe.

Ranar da ya iso, bayan azahar, Rabi'u ya taho da gudu har ya manta wayar wuta, sai da ya koma. Aka jingina Baba da matasai. Haske ya faɗa bango, gangar cikin fim ta fara. Wannan karon ga matar da kanta, har da ƙwarya a kai. Sai dai na'urar ta saba da faɗin wasan ƙwallo, ta ja hoton hagu da dama. Kwale-kwalen suka yi tsawo kamar macizai, mutane suka zama gajeru masu tumbi.

Baba ya ƙanƙance ido.

"Wacece wagga kamar tulu? Innata doguwa ce, Rabi'u. Da ita ake auna zurfin ruwa."

Rabi'u ya tuntsire da dariya, ya danna nan, ya danna can. Hoton ya tsuke, matar ta zama kamar kara. Ya sake dannawa, ta koma tulu.

"To yaya ainihinsa yake? Ni ban san iyakar da zan tsaya ba."

Baba ya buɗe baki, numfashi bai ba shi dama ba. Hannu kawai ya ɗaga yana zana wani abu a iska.

Sai Kulu ta tuna. Duk ƙarshen damina Baba yakan fito da wani farin ƙyalle ya shanya a igiya, ita ke kama masa gefe su ninke. Ƙyallen motar majigi ne, mai zobba a kusurwoyi, faɗinsa bai fi tsawonsa da yawa ba. Ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta zaro shi yana warin kafur. Ita da Esther suka rataye shi a ƙusoshin bango.

"Matse shi har ya zauna cikin ƙyallen," Kulu ta ce wa Rabi'u.

"Yaya, rabin bangon zai zama ba komai fa."

"A bar shi ba komai."

Rabi'u ya yi ta gwadawa. Can sai hoton ya ja jikinsa daga ƙofa, ya ja daga kusurwa, ya zauna cikin ƙyallen daidai, baki da baki. Ƙwaryar ta koma zagayayya. Matar ta miƙe doguwa kan gaɓa, sararin sama a bisa kanta.

"Tsaida shi nan," in ji Kulu.

Baba ya miƙa wuya, ya daɗe yana kallo.

"Tsawon nata ne," ya ce a hankali. "Amma fuskar, hazo nike gani. Kulu, ɗiyata, aro mani idonki."

Kulu ba mai son magana cikin mutane ba ce. Ta matsa kusa da ƙyallen, inuwarta ta rufe rabin kogin, ta yi sauri ta koma gefe.

"Tana da tsaga a kumatu, Baba. Sirara."

"Haka ne."

"Ta sa tsakiya a wuya. Tana dariya. Akwai wushirya."

"Wushirya," ya maimaita, kamar mai ɗanɗana zuma. "Mi take kallo?"

"Ta kare rana da hannu, tana duban ƙasa, wajen ruwa."

"Bi idonta."

Kulu ta bi. Can ƙasan hoton, wurin da aka yanke a karon farko, ga wani ɗan yaro ba riga cikin kwale-kwale, yana kwarfe ruwa da sakaina, ya ɗaga kai yana duban gaɓa.

"Akwai yaro, Baba. Mai ƙaton kai."

"Ke, ki kiyaye ni," in ji shi, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. "Kira na take yi in zo in ci tuwo. Na ƙi zuwa. Rabi'u, sake shi ya tahi."

Hoton ya motsa. Matar ta sauke hannu ta yafito yaron, sannan kogin ya wuce da su.

Ranar ya shanye kununsa duka. Washegari da hantsi Kulu na hura wuta ta ji kukan Esther ta bayan katanga. Ta ajiye maficin, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ja mayafi ta zagaya.

Mutanen cocinsu suka zo da waƙoƙinsu, maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi gindin darbejiya, masu acaɓa suka kashe injuna da za a wuce da shi.

Bayan an watse Kulu ta shiga ta share ɗakin. An cire tabarmar taga. Esther ta kai hannu za ta kwance zoben farko, sai ta fasa, ta zauna bakin gado. Iska ta taso daga tafki ta shigo, farin ƙyallen ya kumbura kaɗan, ya koma ya kwanta jikin bango.